Tsingaron da Ya Sauke Ni Daga Mota

Salma, ke kika ja na ɗauki biro. Ranar da dangin yaron nan mai neman aurenki suka zo gaisuwa, ina zaune a falo na jiyo ki kina gaya wa uwarsa da Larabci wai kakarki ta wajen uba 'yar kasuwa ce, atamfa take sayarwa. Ba laifinki ba ne, abin da na gaya muku kika maimaita. Ni na yi ƙaryar tun ba a haife ki ba. Na taɓa gyara ta sau ɗaya a gaban mutane, amma a lokacin ke da Abdurrahman ba ku wuce wasa da cokali a ƙarƙashin tebur ba, da kuka girma kuma sai na yi ta cewa gobe. To yau goben ta zo. Da Hausa zan rubuta, don karatuna a aji huɗu ya tsaya, Larabcina kuwa na titi ne, na yalla da halas. In ya gagare ku, ku kai wa uwarku ta karanta muku. Za ta riƙa tsayawa tana cewa ba haka aka yi ba. Ku ƙyale ta, haka aka yi.

Kakarku Inna Delu maginiyar tukwane ce. Ba ta taɓa auna atamfa ko yadi ɗaya ba. Tana gina tulu da randa da kaskon wuta, amma abin da aka san ta da shi a ƙauyenmu da kewaye shi ne manyan tukwanen rufe kabari. Ku da kuka tashi a nan ba ku san wannan ba. A wajenmu idan an sa mamaci a ƙaramin ramin nan na ciki, ba katako ake jerawa a kansa ba, ba bulo ba. Tukunya ake kawowa, a raba ta da gizago a bakin kabarin, a kifa ɓarin a kan ramin, a toshe kafofi da ƙanana, a liƙe da jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan a tura sauran ƙasar. Abin da ya rage na tsingaro a waje ake barinsa, inda mutane suka tsaya. Saboda haka duk wanda aka yi wa rasuwa gidanmu yake fara aikowa. Yara a makaranta suka sa mini suna Ɗan Jiran Gawa. Har malaminmu, wanda ya kamata ya tsawatar, ranar da na makara sai ya tambaye ni wa ya mutu. Aka kwashe da dariya. Ban koma ba. Shi malamin da ya mutu da tukunyar Inna aka rufe shi, amma wannan bai dawo mini da karatuna ba.

Na gudu birni na koyi tuƙi, na rantse hannuna ba zai ƙara taɓa yumɓu ba. Daga baya Allah ya kawo ni Riyad. A nan na sadu da kawunku Alhaji Lawan, yana da rumfar kayan marmari a kasuwar Aziziya, mutum ne da ko lemo zai miƙo maka sai ya gaya maka asalin bishiyar. Da na nemi auren ƙanwarsa Rakiya, tambayarsa ta farko ita ce me ake yi a gidanmu. Na dubi rigarsa, na dubi agogonsa, bakina ya ce atamfa. Shi ke nan ƙarya ta zauna. Sau ɗaya tak na kai uwarku gida, kuma ban kai ta ƙauye ba. A Kano na sauke ta, na je na ɗauko Inna, na sa aka yi mata ƙunshi har wuyan hannu don kada a ga tsagewar da yumɓu ya yi wa yatsunta. Tsohuwa ta zauna kwana uku a gidan mutane hannu ja wur kamar amarya, ba ta ce mini komai ba. Wannan na daga cikin abubuwan da nake neman gafara a kai har yanzu.

Alhaji Lawan ne ya samo mini aiki a wani kamfanin da yake ba da hayar motoci da direbobinsu, su ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsu take. Na shekara da shekaru ina ɗauko baƙi daga filin jirgi ina kai su otal. A shekarar da nake ba ku labari, da sanyi ya shigo, sai aka ce an ba ni wasu masu bincike, zan riƙa fita da su bayan gari. Na ɗauka masu neman mai ne. Muka fita ta unguwar Badi'a muka yi yamma, har inda ƙasa take yankewa ta zama gangaren dutse. Aka sauke cebur da rariya da igiya. Na tambayi wani dattijo da aka ɗauko don dakon kaya, Malam Bala, mutumin Zariya, me za a tono. Ya ce kaburbura. Na ce na wa? Ya ce na mutanen da suka mutu tun ba a san ƙarfe ba, da dutse suke yanka nama. Na ce to me ake nema a ciki? Ya ce fasassun tukwane.

Na koma mota na rufe ƙofa na yi ta dariya ni kaɗai. Mutum ya gudo daga tukunyar kabari, ya tsallake teku, a kawo shi wurin masu tono ta da digiri.

Shugaban aikin Basa'ude ne, mudir muke ce masa, mutum mai shiru, in ya yi fushi sai ya ƙara rage murya. Amma wadda take sa kowa gudu wata tsohuwar Baturiya ce, Daktora Nora, gajeriya, da hular kaba kamar mai tallan nono. Daga Ayaland take, wani tsibiri kusa da Ingila, kuma tun ranar farko ta gargaɗe ni kada in kuskura in ce mata 'yar Ingila. Larabcinta ya fi nawa lalacewa, shi ya sa muke gane juna. A mota ta nuna mini hotunan kaburburan ƙasarsu, waɗanda ta ƙare ƙuruciyarta a kansu. Dogon tulin duwatsu ne, ciki ɗakuna a jere na matattu, amma a gaba an buɗe fili an kewaye shi da manyan duwatsu, kamar ƙofar gida inda ake shimfiɗa tabarmar zaman makoki. Ta ce a filin nan da cikin ɗakunan suke samun tukwane masu kewayayyen gindi, da ɗan doro a kafaɗa, duk a farfashe. Ta ce abin da ya kawo ta nan, a cikin tulin duwatsun da ke kan gangaren akwai ɗaya mai hannuwa biyu na dutse a gabansa, da ɗan fili a tsakani. Ba ta ce dangin juna ne da na ƙasarsu ba, ta ce dai tana so ta ga me mutane suke yi a gaban kabari. Na so in ce mata a ƙauyenmu ɗan shekara bakwai ya san wannan. Sai na kunna rediyo.

Aikinsu kuwa in kun gani sai ku ce wasan yara. Su ja igiya su yanka ƙasa gida-gida kamar dara. Su kankare da ɗan cokalin magini, su share da buroshi. In an ga tsingaro ko kamar farce ne, sai a ɗauki hotonsa, a sa a leda, a jefa 'yar takarda mai lamba a ciki. Na ɗauka lambar ta ƙidaya ce, don kada leburori su sace. Na ce a raina wa zai saci wannan. Daktora ta sha faɗin wata kalma tana nuna takardun, makan, makan, wato wuri. Ban saurara ba. Ni direba ne, tuƙi aka ɗauke ni.

A gida kuwa uwarku ta hana ni shiga ɗaki da takalmin aiki. Ta ce ba a shigo mata da ƙurar kabarin arna ba. Ta sa bokiti a bakin ƙofa, kullum sai na wanke ƙafa kamar wanda ya dawo daga mahauta. Ke Salma kina tsaye kina riƙe mini sabulu kina cewa Baba wasih, wai Baba ya yi datti. Ba za ki tuna ba.

Da zafi ya fara aka tashi daga daji, aka kwaso komai zuwa wani gidan ajiya a cikin gari, mustauda suke ce masa. Malam Bala aka ba makulli da jera kaya a kanta. Ni aikina ya koma kai Daktora da safe, in zauna a tsakar gida in jira ta. Wata Laraba za ta tafi taro da mudir a motarsa, ta fito ta same ni ina gyangyaɗi. Ta ajiye mini roba da ruwa da buroshin haƙori da leda shida, ta nuna mini yadda ake wankewa, leda ɗaya a tire ɗaya da takardarta. Ta tafi. Malam Bala ma ya fita karɓo kwalaye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato baƙin mutum ba ya zama haka kawai sai an nemo masa wanke-wanke. Na fara wankewa ina tsaki.

Ban san lokacin da tsakin ya tsaya ba. Na ɗauki wani ɓari, babban yatsana ya shiga cikinsa ya zauna a wani ɗan gurbi daidai, kamar an auna. Gurbin yatsan mai ginin ne, inda ta tokare daga ciki tana bugawa daga waje. Na juya shi, na ga inda ta goge da santsin dutse, layi-layi, daga hagu zuwa dama. Bahaguwa ce. Na ƙwanƙwasa da farce na kai kunne. Ya gasu. Na ɗauki wani daga leda ta huɗu, hannu ɗaya, yumɓu ɗaya, farin dutsen da aka daka aka zuba a ciki iri ɗaya. Na kara bakinsu, suka kama juna ƙam.

Yanzu ku fahimci abin da ya shiga kaina. A ƙauyenmu mata da yawa rami ɗaya suke gashi tare. In an buɗe wuta da safe, abin da ya fashe ba a barinsa a cakuɗe. Kowace mace sai ta tsince nata, don za ta daka shi ta zuba a sabon yumɓu, kuma tsingaron wata ba ya shiga tukunyar wata. Tun ina ɗan shekara biyar aikina ke nan, in durƙusa a toka in ware na Inna daga na sauran. In na kawo mata na wata, ranƙwashi. Saboda haka da na ga leda shida, kowace da hannun mata uku ko huɗu a cakuɗe, abin da na gani shi ne ƙazanta. Na ce waɗannan da duk karatunsu ba su iya ko tsince ba. Na zazzage duka shidan a kan tabarma. Na ware na bahaguwar gefe guda, na wata mai gaggawa da ba ta iya baki ba gefe guda, na wata mai ƙonawa gefe guda. Takardun kuwa na tattara su tsaf na danne da dutse don kada iska ta ɗauka. Kafin la'asar rabin tukunyar bahaguwar yana zaune a cikin yashi a gabana, gindi kewayayye, abin sha'awa. Sai a lokacin na tuna ni ɗan mai atamfa ne. Na mayar da tirarrukan cikin mustauda na ajiye, na wanke hannu, na koma mota.

Washegari Alhamis ina daga waje na ji shiru irin wanda ba na lafiya ba. Na leƙa. Daktora tana zaune a ƙasa, ta cire hula, tana riƙe da takardun nan shida. Mudir yana magana ƙasa-ƙasa. A nan na gane abin da makan yake nufi. Leda uku daga cikin ɗakin kabarin suka fito, uku daga filin gabansa. Ba tsingaron suka zo nema ba, inda kowane ya kwanta suka zo nema, kuma shi ne na zazzage a tabarma. Wata uku na rana da ƙura. Ita Daktora ta manta ma cewa ta ba ni wanki, ko kuma ba ta kawo a ranta direba zai yi wannan ba. Makulli a hannun Malam Bala yake, shi yake jera tire. Mudir ya ce ranar Lahadi zai rubuta wa kafilin Malam Bala, fita ce ba dawowa. Malam Bala bai yi gardama ba. Ya ce shi dai bai taɓa ba, amma Allah ya sani. Mutumin nan yana da 'ya'ya mata biyar a Zariya, kullum da hotonsu yake cin abinci. Ina tsaye a bakin ƙofa makullin mota a hannu, ban ce uffan ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji Lawan ya zo cin abinci kamar yadda ya saba. Uwarku ta yi tuwo da miyar kuka, na kasa ci. Ta matsa, sai na ba da labarin, amma rabi. Na ce ni na haɗa kayan bisa kuskure. Alhaji Lawan ya ce in kama bakina. Ya ce shi ya tsaya mini a kamfanin, in na tona kaina sunansa zan ɓata, kuma iƙamarku duka a jikin tawa take rataye, in aka kore ni har ku za a kai filin jirgi. Ya ce Bala dattijo ne, dama ya kusa komawa. Sannan ya yi dariya ya ce ko na faɗa ma wa zai yarda, me direba ya sani a kan tukunya.

Uwarku tana zuba masa ruwa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Yaya, uwarsa ce take gina su."

Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ajiye jug ɗin ta dube ni yadda take duban Abdurrahman in ya ce ba shi ya sha madarar ba.

"Baban Salma, shekara tara ina kallonka. Duk abin da ka ɗauka sai ka ƙwanƙwasa ka kai kunne. Faranti, kofi, har na roba. Ranar da muka je sayen firji sai da ka ƙwanƙwasa shi. Kuma wane ƙunshi ne yake rufe tsagewar hannu? Ni na shafa wa Inna man kaɗanya a Kano, ta gaya mini komai tun daren farko, ta ce kada in nuna maka na sani, wai kana da kunya."

Alhaji Lawan ya tambayi wace irin tukunya. Tunda abin ya kai haka na ce ta kabari. Ya tsame hannunsa daga tuwon, ya wanke, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya ce an cuce shi. Uwarku ta ce masa ya gaida gida, ta dawo ta ja kwanonsa gabana ta ce in cinye, kada a yi asarar nama. Na tambaye ta in aka kore mu fa. Ta ce to sai mu je ta koyi gini wurin Inna, amma ba za ta kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya bar dattijo ya ɗauki laifinsa ba. Kun san uwarku. Ba shawara take bayarwa ba, sanarwa take yi.

Lahadi da safe na shiga mustauda kafin mudir ya zauna. Na ce ni ne. Na ce ba Malam Bala ba ne, ni na zazzage, kuma ba da kuskure ba, da gangan, don na ga an cakuɗa hannun mata. Mudir ya tambayi wane hannun mata. Na ɗauko ɓari biyu na nuna masa. Daktora ta taso. Kada ku ɗauka ta rungume ni. Ta zage ni da Larabci, da ya ƙare mata ta koma Turanci, da shi ma ya ƙare ta koma wani yare da ko mudir bai sani ba. Na tsaya na sha. Da ta gaji sai ta tambaye ni a ina na koya. Na ce uwata maginiya ce. Karo na farko ke nan da na faɗi wannan da bakina tun da na bar gida, kuma da Larabci ya fito, a gaban Baturiya da Balarabe da Bazazzagi. Malam Bala ya ce ikon Allah, shi kakarsa ma gini take yi, me ye abin ɓoyewa. Na so in make shi.

Na ce musu zan iya mayarwa. Na cikin kabari yana da wani farin gishiri a jiki da buroshi bai fitar ba, kuma bakinsa da kaifi. Na waje rana da yashi sun cinye masa baki, in ka shafa sai ka ji laushi. Sauran kuma ina tuna daga ledar da na ciro su, don hannuna ya bi ta kan kowane. Mudir ya ce akwai hotunan da aka ɗauka kafin wanki, amma duk dunƙulen ƙasa ne, kama ɗaya. Daktora ta ce a gwada ni. Ta zauna da hotunan a bayana inda ba na gani, in na ce wannan na leda ta biyu ne sai ta duba siffarsa ta ce na'am ko la. Kwana tara muna wannan, Malam Bala yana kawo shayi yana yi mini kirarin ɗan maginiya. Yawanci na'am ne. Amma akwai cikin tafi guda da ni ban tuna ba, hoto ma bai nuna ba. Waɗannan sun rasa gidansu har abada, ni na raba su da shi. Daktora ta zuba su a leda, ta rubuta sunana, Isuhu, a takardar.

A rana ta tara ne ta kira mudir ta nuna masa tukunyar bahaguwar. Yanzu kowane ɓari da lambarsa. Manyan daga cikin kabari suka fito, ƙananan daga filin gaba. Tukunya ɗaya. Ta ce a ƙasarsu ma ta sha ganin haka, kuma malamai sun cika littattafai da gardama a kan dalili. Ta juyo ta tambaye ni, kamar da wasa, ni me na gani. Na ce ban san na mutanen nan ba, ban san na ƙasarsu ba. Amma a wajenmu a bakin kabari ake fasa ta, abin da mamaci yake bukata ya bi shi ciki, saura ya zauna inda masu rai suka tsaya. Ta ce wannan ba hujja ba ce. Na ce ni ma ban ce hujja ba ce, tambayata aka yi. Ta sa na maimaita a hankali ta rubuta.

Malam Bala bai tafi ba. Sai da ya aurar da biyar ɗin nan yana nan, sannan ya koma da ƙafarsa. Ni kuwa kamfani suka karɓe motarsu, suka ce ba sa son direba mai taɓa kayan mutane. Saura kaɗan a kai mu filin jirgi, sai mudir ya nemi a mayar da kafalata wurinsu. Sabuwar iƙama ta fito, inda da aka rubuta direba yanzu an rubuta lebura. Na yi shekara ashirin ina gudun yumɓu don in riƙe sitiyari, tsingaro ya sauke ni ya zaunar da ni a gaban robar wanki, kuma a nan nake har yau. Ɗalibai suna zuwa da manyan wayoyi, su miƙo mini ɓari in gaya musu baki ne ko kafaɗa, su rubuta, su zama daktoci, su dawo su kira ni ya Yusuf kawo shayi. Littafin aikin ya fito da hoton tukunyar a bango. Abdurrahman ya duba mini shi daga farko har ƙarshe, bai san me nake nema ba. Babu sunana. Wuri ɗaya tak aka rubuta shi a duk aikin nan, a jikin ledar marasa gida, tana nan a kanta ta uku. Kawunku kuwa sallah uku bai taka gidanmu ba. Da ya dawo bai tayar da maganar ba, bai kuma gaya wa kowa ba, don a ganinsa shi abin ya fi zubar wa da mutunci. Shi ya sa ba ku ji ba.

A makon da aka sauke ni na kira wayar maƙwabcinmu a ƙauye aka kai wa Inna. Na gaya mata aikin da na koma. Ta tambaya in an gama liƙa tukunyar ruwa ake zubawa ko hatsi. Na ce ba a zuba komai, a gilashi ake sawa mutane su kalla. Ta yi dariya har da tari, ta ce su daka ta mana su yi sabuwa, ko yumɓu ne babu a Makka. Duk ƙasar nan Makka ce a wurinta. Sannan ta tambayi me mai ginin ta zuba a yumɓun. Na ce dakakken farin dutse, mai laushi, babu tsakuwa ko ɗaya.

"To ba ta ha'inci," in ji Inna. "Ka riƙe mata kayanta da kyau."

Ba ta ce mini komai a kan ƙunshin Kano ba, ni ma ban iya tayarwa ba. Bayan shekara huɗu ta rasu. Kafin a buga mini izinin fita in sami jirgi an yi kwana biyar da rufe ta. Aka kai ni maƙabarta. Ashe ta daɗe da gina tata ta kife a bayan ɗaki, ta hana a sayar. Na durƙusa a gefen kabarin inda mutane suka tsaya, tsingaro iri-iri a warwatse, na kaburburan kusa ma sun cakuɗu da shi. Ban yi minti ɗaya ba na tsince nata.

Salma, jan ɓarin nan da kuke tokare tagar kicin da shi, wanda kika taɓa jefarwa a shara uwarki ta sa kika tono, shi ne. Ki juya cikinsa ki sa babban yatsanki, akwai gurbi. Sauran tukunyar yana can tare da ita. In uwar yaron nan ta dawo ranar Juma'a, ki ɗauko shi ki ajiye mata kusa da kofin shayi, ki gaya mata sana'ar kakarki da irin tukunyar da take ginawa, kada ki rage komai. In ta tashi ta sa takalmi, ki ce ta gaida gida. Uwarki za ta nuna miki yadda ake faɗa.